Ƙarfen Sabis da Rudun Albasa

Tun ranar da na dawo daga Nijar ban sake shan shayi cikin kwanciyar hankali a majalisarmu ta bakin tashar Bodinga ba. Da na ɗaga kofi sai wani ya ce, "To Bello, ƙaƙa Faransa?" Wani ya ce sai na yi masa gaisuwa da Faransanci. Kwana huɗu kacal na yi, ban kuma wuce Galmi ba, amma sun mai da ni kamar wanda ya sauko daga jirgin alhazai. Na ba da labarin har bakina ya gaji. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi gaba ɗaya, duk wanda ya ƙara tambaya in miƙa masa takarda in ci gaba da shan shayina.

Ga wanda bai san ni ba, aikina kula da ƙarfen sabis ne, dogayen ƙarafan nan da ke kai wa wayoyinku magana. Guda shida ne a hannuna tsakanin Bodinga da Shagari. Ni ke zuba wa janareto gas, ni ke sauya masa baƙin mai, ni kuma ake zagi idan sabis ya ɗauke. A cikin shidan akwai wanda na fi ƙauna, na kan hanyar Dandin Mahe zuwa Horo Birni, don daga gindinsa ana hango rufin gidan da aka haife ni. Mutanen wajen ba su san sunan kamfani ba, ƙarfen Bello suke ce masa.

To shi ne aka ce za a kashe. Ogana, Injiniya Kabiru, ya kira ni ofis a Sakkwato ya faɗa min ba ɓoye-ɓoye. An duba daga sama an ga babu ƙarfen da ya kai shi shan gas, ga masu kira ba yawa. An ba mu zuwa ƙarshen kaka, idan shan bai ragu ba za a zo da mota a kwashe kayan. Ina jin haka Baba ya faɗo min a rai. Kowace Juma'a bayan an sauko masallaci yayata Asabe takan kira shi daga Minna inda take aure, kuma wannan kiran shi ne abin da yake jira duk mako. Kafin a kafa ƙarfen sai mutum ya hau wani tudu can bayan gari yana ɗaga waya sama kafin ya ji muryar wani. Gwiwoyin Baba yanzu ba za su kai shi tudun nan ba.

Sai in gaya muku wani abu game da ni da Baba, don in ba shi labarin ba zai yi gishiri ba. Manomin albasa ne, kakana ma haka. Ni ne na gudu, na ce na gaji da wari, na tafi koyon aikin lantarki. Wata rana ya biyo ta wurin aikina ya leƙa ɗakin na'urori. Ɗakin ƙarfe ne a rufe ruf, esi biyu na hura sanyi dare da rana don kada kayan su yi zafi. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗakin ga naku ba shi numhwashi."

Na yi dariya. Na ce, "Baba, wanga ai ba rudun albasa ba na, aikin Turawa na."

Rudu shi ne ɗan ɗakin kara da manoma ke ɗorawa kan itace su adana albasa a ciki ta yi watanni ba ta ruɓe ba. Baba bai yi fushi ba. Ya gyara hularsa ya ce, "Haka na. Albasa dai ba ta yi halin ruwa ba." Ya yi tafiyarsa, ni kuma na ci gaba da goge fulogina ina ganin na yi magana.

Mu koma ofis. Injiniya Kabiru ya ce akwai dabara ɗaya. Wani kamfani da muke hulɗa da shi a ƙetaren iyaka yana da ƙarfe kusa da Galmi, an ce janaretonsa sai ya yi kwanaki ba a tayar da shi ba. Ya rubuta min takarda zuwa ga wani Injiniya R. Sale, ya ce in je in buɗe ido in dawo. Ni da ban taɓa wuce Gwadabawa ta arewa ba! Ranar ko abincin rana ban iya ci ba don murna.

Da sassafe na kama bas daga Bodinga zuwa Sakkwato, na sauya zuwa motar Illela. Na saka rigar aikina mai ƙyalli har da hular kwano, wai don a san ba ɗan koyo ne ke tafiya ba. Kafin mu kai Gwadabawa gumi ya jiƙa ni sharkaf. Wata tsohuwa da ke kusa da ni, mai kai wa 'yarta kayan jego a Konni, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ɗana, wagga tukunya da kad ɗora bisa kai, mi kaka dahwawa ciki?" Duk motar aka bushe da dariya. Na cire ta na ɗora a cinya, tsohuwa ta ce tun da ta zama fanko bari ta ajiye goronta a ciki. Haka muka isa Illela ina riƙe mata da goro. Ita ce ta koya min darasina na farko. Ta ce can idan aka ce duwan, kwastan ake nufi, idan aka ce kuran, wutar lantarki ce, kada in ji ana cewa kuran ya zo in ruga da gudu.

A ɓangarenmu na iyaka ba a tsayar da ni ba. Can gaba ne wani jandarma dogo ya buɗe jakata ya zaro mitata, wadda nake gwada ƙarfin wuta da ita, ya riƙe ta da yatsu biyu, wayoyinta ja da baƙi na reto.

"Mi na na wanga?"

Na yi bayani bai gamsu ba. Na ce ya ba ni batirin tocilansa in nuna masa. Na ɗora, na ce, "Ranka shi daɗe, wanga ya mutu." Ya ce lalle tun shekaranjiya yake zarginsa. Sai ya kira abokin aikinsa, shi ma ya kawo cajar waya. Kafin ka ce kwabo an tara min tociloli uku, rediyo ɗaya da wata fanka da ta daina juyi. Sa'a guda na yi a gindin bishiya ina duba marasa lafiya. Da fankar ta juya suka yi min tafi, suka buga min hatimi, suka haɗa ni da shayi mai kumfa a ɗan ƙaramin kofi. Motar da muka hau daga Illela zuwa Konni dai ta daɗe da tafiya, sai wata na nema; tsohuwa ta kwashe goronta ta bar min hulata a hannun wani mai sayar da ruwa, Allah ya saka mata.

Ina shiga Konni wayata ta mutu, layina ya daina kamawa. Mai gyaran sabis ya rasa sabis. Na tsaya a bakin tasha da takarda a hannu ina dube-dube, ina neman wani babban mutum mai tumbi da tabarau. Sai ga wata mata a kan babur ta tsaya gabana, hijabi har gwiwa, hular kwano a kai. Ta ce, "Kai na baƙon Najeriya?"

Na ce ni ne, na ce ko Injiniya ne ya aiko ta.

Ta ce, "Wane Injiniya?"

"Injiniya Sale."

"Ramatu Sale. Ga ta gabanka."

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Ita kuwa ko a jikinta, ta ce ba ni ne na farko ba. Ta tsayar min da ɗan kabu-kabu muka bi bayanta zuwa masauki. A hanya na ga ashe ba ita kaɗai ba ce, mata da yawa ke tuƙa babur, wata ma da goyo. Na yi ta ƙoƙarin hango matata Hauwa a kan babur ɗina tana ratsa kasuwar Bodinga, na kasa.

Masaukin tsaf-tsaf, ba abin da zan ce. Amma Madam Ramatu ta ce za ta dawo mu gana da ƙarfe goma sha shida, na tsaya ina lissafi da yatsu, don lambobin agogona a sha biyu suka ƙare. Ashe ƙarfe huɗu na yamma take nufi. Na fita neman layin waya na tarar ofisoshi a rufe, wai an tafi hutun rana. Na sayi burodinsu, dogo siriri kamar sandar makiyayi. Na gatsa da ƙarfi irin yadda muke yi wa namu mai laushi, sai da dasashina ya yi jini. Mai shayi ya tausaya min ya nuna min yadda ake tsoma shi. Da burodin ya sha shayi kuwa, sai na ci biyu. Hausarsu irin tamu ce ta Sakkwato, munka da sunka duk suna nan, sai dai kana cikin jin daɗi su jefo maka kalmar Faransanci kamar tsakuwa a shinkafa.

Washegari muka kama hanyar Galmi a motar kamfaninsu. Tun kafin mu shiga garin hancina ya gaya min inda muke. Albasa ce ko'ina, buhu kan buhu a bakin titi, manyan motoci na lodi. Na ce a raina, ka ga ikon Allah, na gudo daga warin nan na ƙetare iyaka, ga shi ya riga ni isowa.

Muka saki kwalta muka yi 'yar tafiya cikin gonaki, sai ga ƙarfen. Direba ya kashe mota, sai na ji shiru. Ku da ba ku yi aikina ba ba za ku gane ba. Shekara tara ke nan, duk ranar da na iso gindin ƙarfe na ji shiru, to masifa ce: gas ya ƙare, ko inji ya buga, wayata za ta fara ruri. Ban san lokacin da na diro daga mota da jakar kayan aiki ba, na nufi janareto da gudu ina cewa a ba ni mabuɗi.

Madam Ramatu ta ce, "Malam Bello, tsaya! Gurup na kwana."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Wane guruf? Inji ya mutu, ma'aikata na kwance suna kwana da rana tsaka? A tashe su mana!"

Tsohon da ke gadin wurin ya yi dariya har sai da ya dafa ƙofa. Ashe su janareto suke kira gurup. Ba wanda ke barci sai injin, kuma barcinsa na halal ne. Madam Ramatu ta nuna min fuskar wayarta, sabis cike taf. Ta ce rabon da a tayar da shi tun ranar da aka yi hadari aka wuni ba rana.

Na ajiye jakar kayan aiki. Na ce ta nuna min komai, kada ta rage. Farantan sola na gani da farko, kuma wannan ba sabon abu ba ne. Abin da ya ɗaure min kai shi ne inda aka ɗora su, an jera su sun zama rumfa a kan ɗakin na'urori, suna shan rana suna kuma tare masa ita. Shi ɗakin a kan ƙafafun ƙarfe yake, ƙasansa da tagogi masu raga, samansa da wata kafa da zafi ke fita. Ƙananan fankoki biyu ke juyi a hankali. Na leƙa ciki na duba bango huɗu.

Na ce, "Ina esi?"

Ta ce, "Kilim? Mun hidda shi. Shi na babban ɓarawon kuran. Ka rufe ɗaki ruf cikin rana, kaya su yi zahi, ka sa kilim shi kashe zahin, ka sa gurup shi ciyar da kilim. Kamin ka nemi ƙarin wuta, hwara rage mai cin ta."

Ta nuna min batura, irin na zamani masu jure zafi, an jera su da tazara, ba wanda ya taɓa ɗan'uwansa. Ta nuna min a kwamfutarta yadda wasu na'urorin da ke saman ƙarfe kan yi gyangyaɗi idan masu kira sun ragu, su farka da kansu idan kira ya ƙaru. Ina rubutu, ina ɗaukar hoto, ina aunawa da tef, har biro ya ƙare na ari nata. Ina ta cewa a raina, ƙarfen Bello ya tsira, ƙarfen Bello ya tsira.

Da muka zauna cin dambu da zogale da matar maigadi ta kawo mana, na tambaye ta a wace ƙasa ta koyo wannan ɗakin, Faransa ko Sin. Ta ajiye cokali ta ce in taso. Muka zagaya bayan shinge. A gefen gona ga wasu 'yan ɗakunan kara a jere, kowanne a ɗage kan itace, da hular ciyawa a kai.

Ta ce, "Sola da batura daga waje anka kawo su. Amma ɗakin, ga malamaina nan. Rudun kakana na duba. Iska shi shiga ta ƙasa, zahi shi hita ta bisa, inuwa bisa kai, kuma ba a matse su. Abin da albasa ka so, shi na'ura ka so."

Na nemi dutse na zauna. Kunya ce ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba, ga kuma wani daɗi a ƙarƙashinta. Na ba ta labarin Baba da ɗakin da ba ya numfashi, da amsar da na ba shi. Ta kalle ni ta girgiza kai.

"To mi kaz zo yi nan? Koma gida, malaminka na can."

Dawowa ba ni da abin faɗa a kanta, don ban ga hanya ba. Na dai san jandarman nan ya ɗaga min hannu ya ce fanka na nan na aiki. Ban tsaya Bodinga ba, na zarce Dandin Mahe da ƙullin kilishin da na sayo. Na tarar da Baba a zaure yana gyaran igiya. Na durƙusa na gaishe shi, na nuna masa hotunan, na faɗa masa komai har da maganar da Madam Ramatu ta yi. Na ce ina roƙon ya zo ya duba mana wurin.

Ya ci gaba da murza igiyarsa kamar bai ji ba. Can ya ce, "Ni mi nis sani ga aikin Turawa?"

Na ce, "Baba, na tuba."

Ya ce in ɗauko masa sandarsa.

Injiniya Kabiru ya tura hotuna da bayanina sama, aka yarda mu gwada, aka ba mu farantan sola da aka kwaso daga wani wuri da aka rufe. Amma wanda ya tsara aikin Baba ne. Ya zagaya ɗakin sau biyu, ya ɗebi ƙaiƙayi ya watsa sama ya ga inda iska ta kai shi, ya nuna wa mai waldan da na ɗauko daga Shagari bangon da za a huda da wanda za a bari. Ya ce rumfar ta ɗara haka tsawo, kada ta zauna wa ɗakin a kai. Da ya shiga wajen batura ya ga yadda na cusa su, sai ya yi tsaki. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana dafawa da bayan hannu, ya tsaya a kan wani.

"Wanga ya ruɓe. Hidda shi kamin shi ruɓar da sauran."

Na ɗora mitata, mitar da ta ba jandarmomi mamaki. Abin da Baba ya faɗa shi ta faɗa.

Takardar da ta cire ƙarfenmu daga jerin waɗanda za a kashe ta iso bayan an gama girbin gero, tana nan Hauwa ta adana min a ƙasan akwati. Amma ni ba ranar nake tunawa ba. Ranar da nake tunawa wata Juma'a ce, ranar da muka gama haɗa komai. Bayan an sauko masallaci na tsaya gaban janareto na yi bisimilla na murɗa mabuɗi. Ƙarar da aka shekara da shekaru ana ji har cikin gari ta ɗauke ɗif, har na ji kukan kurciya a kan shinge.

Ba a yi minti goma ba sai ga mutane, wasu a kan babur wasu a ƙafa, da kayan Juma'arsu. Wani na faɗin, "An kashe ƙarhen Bello!" Wani dattijo ya ce dama ya ji ƙishin-ƙishin. Ina ta ɗaga hannu ina cewa su duba wayoyinsu, ba mai saurarena. Ban ga laifinsu ba, ni ma haka na yi a Galmi.

Ana cikin wannan hayaniya sai waya ta yi ƙara a aljihun Baba, da ke tsaye kusa da ni. Kowa ya yi tsit. Ya zaro ta a hankali ya kanga a kunne, a nan gindin ƙarfen, inda da ko ihu ka yi ba a jin ka.

"Asabe? Lahiya lau. A'a, ba gida nike ba, ina wurin aikin ƙanenki." Ya saurara. "Injin? Kwana shikai."

Da suka gama ya mayar da wayar aljihu. Ya dogara sandarsa ya sunkuya da ƙyar, ya sa tafin hannunsa a bakin ragar da ke ƙasan ɗakin, ya daɗe yana jin iskar da ke shiga. Ya ce, "To, yanzu shina numhwashi." Na kama shi ya miƙe. Bai saki hannuna ba, ya dube ni a gaban duk mutanen garinmu, ni kuwa idona ya riga ya cika.

Ya ce, "Ashe albasa ta yi halin ruwa. Sai dai ta biyo ta Galmi."